Zomon da Ake Tajewa Kullum

Santiago, 5 ga Maris, 1989

Baba,

Ina gaishe ka da kyau. Yaya jiki, yaya gwiwar nan taka? Ina fata an haƙe dankali kafin ruwa ya kankama. Ni lafiya lau nake, sai ɗan tarin da hayaƙin garin nan ke sa kowa. Matar da nake wa aiki ta tafi bakin teku da 'ya'yanta, ta bar ni da gida da kare, shi ya sa na samu sukunin rubutu.

Inna Ercilia ta rubuto mini. Kada ka ga laifinta, shekara arba'in tana maƙwabtaka da kai, ta tagarta take hango hayaƙin gidanmu. Ta ce wata rana har azahar ba ka hura wuta ba. Ta ce ka rabar da tumakin nan shida, ka rabar da kaji, kuma tun da aka binne Mama a watan Oktoba ba ka leƙa coci ba. Kullum kana kan benci a bayan murhu kana kallon hannuwanka.

Ga abin da na yi tunani, kuma don Allah ka karanta har ƙarshe kafin ka jefa takardar a wuta. Ranar Lahadi na je bayan gari wurin wata mata mai suna Fresia, tana kiwon zomaye masu dogon gashi, irin da ake ce wa angora. Ba na tukunya ba ne, Baba, na zama da mutum ne a ɗaki. Iri uku ta nuna mini. Akwai na Jamus, ƙato kamar ɗan rago, gashinsa ba ya zuba sai an aske, kuma ba ya son ɗauka. Ya harbe ni a ƙirji, har yanzu da shaida. Akwai na Faransa, fuskarsa fes, gashin jikinsa da ɗan kauri, ba ya saurin cukurkuɗewa, taza sau biyu a mako ta ishe shi. Yana da rawar kai, amma ba mugu ba ne. Sai na Ingila. Shi kam gashi har goshi har kan kunne, sai ka sa yatsa ka nemi idonsa. Na ɗora shi a cinya ya kwanta luf kamar ya daɗe da sanina.

Fresia ta ce, "'Yar nan, kada sanyin halinsa ya ruɗe ki. Wannan irin mijin nan ne mai son hidima. Ki tsallake kwana biyu ba taza, ki dawo ki tarar da tabarma."

Na ce, "Tsoho ne zai riƙe shi, kuma a tsibiri, inda ruwa ke zuba wata tara."

Ta dafe kai ta ce, "To na Faransa. Kada ma ki sake tambayata."

Don haka na Faransa nake so in aiko maka. Amincewarka kawai nake jira.

Baba, ban manta kwana ukun da na yi a Achao ba, ina tsaye bakin ruwa ina hango tsibirinmu, iska ta hana kwale-kwale tashi, ku kuma kuna can kuna binne ta. Da na iso, kwana biyu kacal na yi ka ce in koma bakin aikina, ba abin da ya rage a nan. Na koma. Amma maganar nan tana cina har yau, ban sani ba ko gidan nan har yanzu gidana ne. Ina kewarka. Ina kewar ƙamshin itace a kicin ɗinmu. Tunda ba ka so in zauna, ka bari in aiko wani abu mai numfashi ya zauna da kai.

'Yarka,
Herminda

*

Apiao, 27 ga Maris

Minda,

Takardarki ta iso jiya, ta kwana goma sha ɗaya a Achao tana jiran iska ta kwanta. Ina lafiya. Gwiwa tana nan, ba ta je ko'ina ba. An haƙe dankali, ya yi kyau, sai dai ba mai ci.

Ercilia bakinta ya fi ƙofar gidanta faɗi. Na gaya mata ta juya kujerarta ta kalli teku.

Zomo a ɗaki! Shekara talatin da ɗaya ina tafiya kudu askin tumaki, a can zomo harbinsa ake yi don yana cinye wa tumaki ciyawa. Yau ni Eleuterio Cárcamo za a kawo wa shi ya kwana kusa da murhu. Da abokan aikina na da rai da sun yi dariya har sun zubar da shayi.

Amma na karanta takardar sau uku, ban jefa ta a wuta ba. Na Jamus ba na so, na gaji da dabba mai harbi. Na Faransa ki bar wa Faransawa abinsu. Sau biyu a mako? To sauran kwana biyar ɗin in yi me? In dai za ki aiko, ki aiko mai son hidimar nan, wanda ake tajewa kullum. Kada ki tambaye ni dalili, kuma kada matar nan ta canza miki ra'ayi. Ki gaya mata hannun da ya aske tunkiya ɗari da hamsin a wuni ba zomo ne zai gagare shi ba.

Zancen Achao kuma, iska ce, ba ke ba ce. Ki riƙe aikinki da kyau.

Babanki

*

Santiago, 14 ga Afrilu

Baba,

Ina gaisuwa. Na ji daɗin jin dankali ya yi kyau. Tarina ya tafi.

Ga zomon nan, na Ingila, Inna Ercilia ce za ta riƙo maka. Ta zo ganin likitan ido, na ɗauke ta muka je wurin Fresia tare. Da ta ga zomon sai ta ce, "Wannan ta ina yake cin abinci, ta ina yake kashi? Ni ban ga gaba ba, ban ga baya ba." Fresia ta yi ta mita, wai na kai maraya gidan wahala. Na faɗa mata zancen tunkiya ɗari da hamsin. Ta ce, "Shi ne ma abin da nake tsoro."

Fari ne, namiji, watansa biyar. A cikin guda huɗu na zaɓe shi, don shi kaɗai ne da na miƙa hannu bai gudu ba, ya zo ya sa kansa a ƙarƙashin tafina. Dare biyu ya yi a ɗakina, har na so in hana ka.

Ga abin da Fresia ta ce in rubuta, kuma ta sa na karanta mata don ta tabbata. A taje shi kullum, a hankali, daga bakin gashi a gangaro zuwa gindi. A fi kula da bayan kunne, hammata da ƙarƙashin ciki, nan yake fara dunƙulewa. Kada a yi masa wanka ko sau ɗaya. Kada a ɗaga shi ta kunne. Busasshiyar ciyawa kada ta yanke a gabansa, don yana lasar jikinsa yana haɗiye gashi, ciyawar ce ke wanke masa ciki. Ganyen dankali kuwa guba ne a wurinsa. Duk wata uku gashin yakan nuna, ya fara fita da kansa, sai a bi da yatsu a cire. Ta ce in ja layi a ƙarƙashin wannan: fatarsa ba ta tunkiya ba ce, siririya ce kamar takardar taba, tana bin gashi ta taso. In ya zama dole a yanka, a sa mataji tsakanin fata da almakashi, a bar masa gashi kaurin yatsa.

Na sa mataji na roba mai manyan haƙora a cikin kwandon, da garin kofi, da safa biyu.

Na ga ka sake cewa in riƙe aikina. Na ji. Ina riƙe da shi.

Herminda

*

Apiao, 2 ga Mayu

Minda,

Lafiya lau. Baƙonki ya iso da ransa. Ercilia ta ce a jirgin ƙetare mashigi mutane sun yi ta zuwa suna tambayarta ko matashin kai ne.

Na sa masa suna Manaja. A gonar tumakin da na fi daɗewa akwai wani manaja Bature mai farin gemu har ƙirji, shi ma haka yake, yana zaune yana tauna wasu na aiki. Kamarsu ɗaya, sai dai wannan ya fi shi hali.

Gaskiyar matar nan, dabbar ba ta da faɗa. Da safe ina hura wuta, in ɗora ruwa, in shimfiɗa buhu a cinya, shi da kansa yake zuwa ya dafa ƙafata. Ina tajewa yana lumshe ido yana ɗan taune haƙora. Kafin mu gama ruwa ya tafasa. Dole na koma yankan ciyawa ina shanyawa a saman murhu, kin ga kin samo mini aiki. Ki gaya wa Ercilia ta duba tagarta, hayaƙi na tashi tun bakwai.

Gashin da ke fita ina tarawa a gwangwanin biskit. Ban san me zan yi da shi ba, mai kaɗin, mamarki, ba ta nan.

Kofin ya yi daɗi.

Babanki

*

Apiao, 11 ga Yuni

Minda,

Ina lafiya. Saƙonki na biyu ya zo, da mayafin wuya. Kada ki ƙara aiko mini da komai. Abin nan tun farko ba nan ya kamata ya zo ba.

Babanki

*

Santiago, 25 ga Yuni

Baba,

Ina gaishe ka. Ina fata sanyi bai matsa wa gwiwarka ba. Ni ina nan.

Layi huɗu. Na juya takardar na duba bayanta ko akwai saura, babu. A tsaye na karanta ta a kicin ɗin mutane, miya na kan wuta, sai da matar gidan ta shigo ta ce, "Herminda, wani ya mutu ne kuma?" Na ce a'a, albasa ce.

Me na yi? Watan jiya kana ba ni labarin Manaja har ina dariya ni kaɗai a ɗaki, na ce to, Baba ya dawo. Yanzu ka ce abin ba nan ya kamata ya zo ba. In zomon ne ya ishe ka, ai kai ka zaɓe shi, ni na Faransa na ce. In ya mutu, ka faɗa mini, dabba ce, zan yi kuka in share. In ka ba wani, ka faɗa. Amma ni na san ba zomon kake nufi ba. Duk abin da ya fito daga hannuna nauyi yake yi maka. A Oktoba ni ka kora, yanzu saƙona kake kora.

Shekara goma sha ɗaya ina wanke kwanukan wasu a garin nan. Abin da ke riƙe ni shi ne in rufe ido in ga gangaren nan daga coci zuwa gidanmu, da itatuwan tuffa, da Mama a bakin ƙofa da mazarinta. Ita ta tafi ban gan ta ba. In kai ma ka rufe ƙofa, ban san inda zan riƙa zuwa ba in na rufe ido.

Ba zan ƙara aiko komai ba, tunda haka ka ce. Amma takarda ba kaya ba ce, ita kam zan rubuto.

Herminda

*

Santiago, 30 ga Yuli

Baba,

Ina gaisuwa. Mako biyar ke nan shiru. A rediyo sun ce iska ta yi ɓarna a tsibirai, kwale-kwale ba sa fita. Ina gaya wa kaina shi ne dalili. Na rubuta wa Inna Ercilia, ita ma shiru.

Na yi maka magana da zafi a takardar baya. Ban janye ba, amma ka yafe mini zafin. Ko layi ɗaya ne ka aiko, ka ce kana hura wuta.

Ranar Lahadi na koma wurin Fresia, ba don komai ba, don kawai in ɗauki ɗan'uwan Manaja in riƙe. Ta ba ni kujera da mataji.

Minda

*

Apiao, 19 ga Agusta

'Yata,

Takardunki biyu tare suka iso, ranar Talata. Ina lafiya, gwiwa da sauƙi. Manaja yana da rai. Na fara da wannan don ki zauna ki karanta sauran a natse. Takardar za ta yi tsawo, fensir na biyu ke nan na feƙe.

A ƙarshen Mayu na ajiye matajin robar nan a gefen murhu na fita ɗebo itace. Kafin in dawo ya narke ya zama kamar ɗanko. Iska ta taso, ba mai zuwa Achao. Kin san kaina da sanƙo, rabona da mataji tun kina goye. Mataji ɗaya ne ya rage a gidan nan, na ƙaho, na mamarki, yana cikin akwatinta.

Abin da ba ki sani ba, don ta hana ni rubuta miki, shekara biyun ƙarshe hannunta ba ya ɗaguwa sama da kafaɗa. Ni nake taje mata kai kowace safiya, a kan bencin nan, kafin ruwa ya tafasa. Ni nake yi mata kitson jela biyu. Da farko tana cewa, "Eleuterio, a hankali, ni ba tunkiyar Bature ba ce." Daga baya na iya har Ercilia ta yaba ba ta san aikina ba ne. Da ta tafi, gari ya waye, hannuwana ba su san inda za su ba. Dalilin da na ce kada ki tambaya ke nan.

Na buɗe akwatin. Matajin na nan da gashinta a jiki, na ranar ƙarshe. Na mayar na rufe. Da na je aro wurin Ercilia, da ta ce ina na mamarki Doralisa, shi ya sa ban je ba. Na yi ta bin zomon da yatsu. Kwana tara ana ruwa, gida ya yi laima, gashinsa ya dunƙule tun daga bayan kunne har ciki, ya zama kamar bargon doki. Ya daina tsalle, ya rage cin abinci.

Sai na ɗauko almakashina na aski, na wasa shi. Na san kin ja layi. Amma da ƙarfen ya shiga hannuna, hannun ya manta da takardarki, ya tuna shekara talatin da ɗaya. Na zaunar da shi a kan gindinsa tsakanin gwiwoyina kamar tunkiya, na ja gashin sama na bi ƙasa-ƙasa da sauri. Fatar ta biyo gashin. Na tsaga shi a haƙarƙari, tsawon ɗan yatsana. Ban taɓa sanin zomo na da murya ba sai ranar.

Na fita ba hula ina kiran Ercilia. Ta zo ta gani ta ce, "Tsohon banza! A watan Yuni, tsakiyar sanyi? Kai da kake zagin masu askin sanyi?" Ta riƙe shi na ɗinke da zare, ɗinki biyar. Ta ƙwace gwangwanin kwaltar da muke shafa wa tumaki a rauni daga hannuna ta ce in na shafa masa za ta shafa mini a ƙeya, ta wanke da ruwan gishiri. Ga shi tsirara, ɗan mitsitsi, ashe duk girman nan gashi ne, yana ta karkarwa. Ba ta tambaye ni ba ta buɗe akwatin mamarki ta ciro suwaitar nan ruwan toka, ta yanke hannun, ta huda wurin ƙafafu ta zura shi a ciki. Na roƙe ta kada ta rubuta miki. Karon farko ke nan a rayuwarta da ta riƙe magana.

A makon ne mayafinki ya iso. Kin ba ni abu mai rai, na kusa kashe shi da girman kai, ga ki kina ƙara aiko wani alheri. Kunya ce ta rubuta layi huɗun nan, ba ƙi ba.

Ya warke. Gashi ya fito kaurin yatsa biyu. Ranar da ya isa taza na ɗauko matajin ƙaho, na zare gashinta a hankali, na raba biyu. Rabi yana cikin aljihuna. Rabi ga shi cikin ambulan ɗin nan, a naɗe a takarda, tare da ɗan na Manaja. Duka farare ne, amma ke za ki gane.

Yanzu ga matsala. Tun abin nan yana tsoron hannuna, aikin ya zama na mutum biyu, ɗaya ya riƙe ɗaya ya taje. Ercilia ba ta gani sosai, kuma hannunta kamar na mai murza dankali.

Na karanta abin da na rubuta yanzu, ƙarya ce. Tun makon jiya ya dawo yana dafa ƙafata da kansa. Ba ya bukatar kowa. Ni ne.

A Oktoba ba korarki na yi ba. Kin tsaya a gaban murhu kin juya mini baya, da jelar gashin nan biyu irin nata, na ture kwanon abincina gefe. Na ce ki tafi don ban iya kallo ba, ban kuma iya faɗa ba. Gidan nan naki ne, gadonki na nan, na fitar da katifar ta sha iska ranar da rana ta leƙo. Tuffa za su yi fure a Oktoba, iska ma takan kwanta. Akwai gwangwani biyu cike da gashi da mazarin mamarki, ba mai kaɗawa.

Ki zo, Minda. Kada ki yanke gashinki, ki zo da shi yadda yake. Yanzu zan iya kallo.

Babanki,
Eleuterio